Bazarar da Na Datse Lallen Kaka

Jiya da safe, kafin in tafi makaranta, na datse lallen da ke bayan ɗakin Kaka. Zafin bazara ya riga ya sauka a Garwa, irin wanda tun ƙarfe bakwai bangon gida yake ɗumi kamar an jingina masa tukunya. Na wanke hannu da sabulu, na sa rigar makaranta, amma har muka shiga darasi na biyu ƙamshin ɗanyen itacen bai bar yatsuna ba. Malama tana rubutu a allo, ni kuwa hankalina ya koma shekara biyar baya, bazarar da azumi ya faɗo a tsakiyarta, lokacin da na fara riƙe adda.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ina ajin ƙarshe na firamare. Ba ni da yawan magana. Idan aka yi baƙi a gida bayan ƙofa nake tsayawa, a lekol kuma, wato makaranta, ko na san amsa, ba na ɗaga hannu. Kallo dai na iya. Na san kazar da take ɓoye ƙwanta a bayan randa, na kuma san takun Baba tun yana bakin lungu.

Lallen gindi bakwai ne a jere, tsakanin ɗakin Kaka da katangar maƙwabta. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta dasa su shekarar da ta shigo gidan, da 'yan rassan da ta yanko daga gidan uwarta, ta naɗo su a jiƙaƙƙen tsumma. Duk bikin da aka yi a layinmu da duk Sallah, daga nan ake ɗiban ganye. Kowace shekara idan zafi ya kai maƙura, Kaka takan fito da ƙaramar addarta ta datse su duka. Ba ta neman taimakon kowa, ba ta kuma yi wa kowa bayani. Ni nakan kife turmi in zauna ina kallo.

A waccan shekarar ba ta nan. Gwaggo Hauwa ta haifi tagwaye a garin Gider, Kaka ta tafi riƙe mata jego, ta ce kada a sa ran ganinta sai bayan Sallah. Ba ta yi mako guda da tafiya ba famfon unguwarmu ya ɗauke. Da farko yakan yi tari da asuba ya zubo abin da zai cika bokiti ɗaya, daga baya ko tarin ya daina. Yanzu akwai rijiyar burtsatse a ƙarshen layi, ƙananan cikin ƙannena ba su san abin da nake nufi ba idan na ce ruwa ya taɓa zama abin rabo. A lokacin sai mai ruwa ya turo amalankensa, mata su yi masa caa tun bai tsaya ba. Umma takan samu jarka biyu, wata rana ɗaya. Ta zuba na sha a randa ta rufe da faifai don buɗa-baki, ta ware na girki, ta cika butoci, abin da ya rage shi ne na wanka, kowa ƙaramin bokiti ɗaya. Da rana ƙasar tsakar gida ba ta takuwa sai da takalmi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin bango. Ranar da muka bi ta kan gada a babur, na ga kogin Binuwai ya zama yashi fari fat, ruwan ya koma can tsakiya kamar an ja zare.

Ba wanda ya tuna da lalle. Ganyensa ya yi rawaya ya zube, rassan suka yi toka-toka, sai ƙayoyi tsirara.

Baba mahauci ne, yana da rumfa a kasuwa. Kowace shekara bayan ƙaramar Sallah yakan sayo raguna ya yi kiwonsu har zuwa layya. Da a filin wani abokinsa yake ajiye su, amma a shekarar abokin ya yi gini a wurin. Wata Juma'a da yamma na ga Baba yana auna bayan ɗakin Kaka da taku, yana motsa baki. Da ya gama ya zauna a tabarma ya kira Gider. Wayarsa ba ta jin magana sai an buɗe murya, don haka duk gidan muka ji.

"Inna, lallen nan fa ya bushe."

"Duka?"

"Duka, Inna. Ko ganye ɗaya babu. Ina so in sa raguna a wurin, idan kin yarda."

Sai muka ji kukan jariri daga can. Sannan Kaka ta ce, "To, Ɗanladi. Idan ya mutu ai ya mutu. Ka cire." Ta faɗe shi a hankali, ba irin muryar da take kiran kaji da ita ba. Ta ce, "Ina ƙawata?" Ni take nufi. Baba ya miƙo mini wayar, na ce, "Kaka, ina wuni," na mayar masa da ita.

Washegari na je bayan ɗakin ni kaɗai. Na sha ganin Kaka tana kankare bawon reshe da farcen babban yatsa kafin ta sa adda. Na yi yadda take yi. A sama reshen ya karye ƙas, cikinsa busasshe. Na gangaro tsakiya, haka. Da na durƙusa na kankare kusa da gindi, sai ga kore a ƙarƙashin farcena, da ɗan danshi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu na can ƙarshe ban tabbata ba, amma sauran da ransu. Ƙishi ne ya kwantar da su, ga kuma kayan rassa da suka fi ƙarfin saiwar.

Abin da ya kamata shi ne in gaya wa Baba. Sau uku ina shirya maganar a bakina, sau uku ina zuwa gabansa in tsaya, ya ce, "Ma'u, lafiya?" in ce, "Lafiya lau," in juya. Ɗaukar adda ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi Baba yana kasuwa, Umma ta tafi gaisuwar rasuwa. Na ciro addar daga ƙarƙashin gadon Kaka, na wasa ta a dutsen da Baba yake wasa wuƙaƙensa. Na san tsarin aikin tun daga farko har ƙarshe. Kaka takan fara cire matattun rassa da waɗanda suka harɗe juna. Sannan ta kafa gwiwarta a jikin itacen, daidai inda gwiwar ta tsaya nan take sara, daga ƙasa zuwa sama, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kan yankan. Ta shafa toka mai sanyi a bakin. Ta sassauta ƙasar gindin ta yi mata gurbi kamar kwano, ta rufe da ɓawon gyaɗa. Haka na yi, ban tsallake komai ba. Ita sara ɗaya take yi, ni sai na yi biyar ko shida, in gyara bakin da wuƙar kicin. Shekarar ce na fara azumi ba tsallake, kafin in kai gindi na huɗu harshena ya manne, idona yana ganin ɗige-ɗige. Ƙayoyi suka zane mini hannu har gwiwar hannu. Nakan jingina da bango in huta, in tashi. Ana kiran azahar na gama na bakwai.

Ina tattara rassan Umma ta shigo. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana.

"Innalillahi! Ke! Me zan gani haka?"

"Haka Kaka take yi."

"Haka take yi? Zo nan."

Ta ɗago ɗaya daga cikin rassan da na jefar, ta nuna mini wani kumburi kamar dunƙulen hannu, inda ƙananan rassa suka fito ta kowane gefe. Nan ne Kaka take sara shekara da shekaru, nan ne kuma sabon toho yake fitowa. Nawa saran ya sauka ƙasa da wurin da kusan taƙi guda. Duk dunƙulen bakwai suna cikin shara.

"Gwiwarki da ta Kaka ɗaya ce? Matar da sai ta sunkuya take shiga ƙofa? Ke da tsawonki bai wuce taɓarya ba!"

Na dubi gwiwata, na dubi kututturan. Na kwaikwayi komai, na manta ni gajera ce.

Da Baba ya dawo ya leƙa, dariya ya yi. Ya ce, "Kai, madalla! Ma'u ta rage mini aiki. Saura tone saiwa kawai."

"Bai mutu ba," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji.

"Me ta ce?"

"Ta ce bai mutu ba," in ji Umma.

Baba ya taɓa kututture ɗaya da ƙafa. "Idan da bai mutu ba, ai yanzu kin ƙarasa shi." Ya dube ni, ya ga hannuna, ya daina dariya. "To ji nan. Raguna za su iso daga garin Ngong 'yan kwanaki bayan Sallah. Ranar da suka iso, idan na ga ganye, na bar shi. Ganye na ce, ba labari ba. Amma kada in ji an taɓa mini ruwan randa saboda itace."

Daga ranar aikina ya zama neman ruwan da ba na kowa ba. Na wanka da na wanke-wanke ba su da amfani, sabulu yana ƙona saiwa, na taɓa ganin Kaka ta hana. Umma ta fara ajiye mini ruwan wankin shinkafa a kwano, amma kwano ɗaya ba ya isar gindi bakwai. Sai na lura da wani abu. A duk gidanmu wuri ɗaya ne kaɗai yake da kore: gefen dutsen da Baba yake zama ya yi alwala, kusa da ƙofar zaure. Baba ba ya tsimin ruwan alwala, buta guda yake juyewa, har wata 'yar ciyawa ta samu abin rayuwa a wurin.

Dutsen faffaɗa ne, ba na iya ɗaga shi. Na dinga mirgina shi kaɗan-kaɗan ina haki. Ina tsakiyar tsakar gida Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi dutsen, ta dubi bayan ɗakin Kaka. Ta ajiye ludayin ta kama gefe ɗaya, muka kai shi can kusa da kututturan. Da yamma ta ce wa Baba, "Malam, na sa an mayar maka da dutsen inda rana ba ta dukansa. Can yana ƙona mutum." Baba ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ɗauki butarsa ya tafi. Ni kuwa na riga na haƙa 'yar siririyar hanya da tsohon cokali, daga ƙarƙashin dutsen ta bi gindin kututturan ɗaya bayan ɗaya, na rufa mata ɓawon gyaɗa.

Alwala uku yake yi a gida, sauran biyun a kasuwa. Ni da Umma muka koma yin tamu a can. Abokan Baba da suke zuwa buɗa-baki, su ma can ake nuna musu. Wata safiya Dada Asta, Bafulatanar da ke bayan katangarmu, ta tako turmi ta leƙo, ta gaishe ni da Fulatanci.

"Jam na, Ma'u? Wa ya yi wa tsohuwa wannan askin?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke ce? Kayya! To bikin 'yata Fadi bayan layya da me za mu yi mata lalle, da toka?"

Ta sauka tana mita da Fulatanci. Amma da la'asar na ji motsi a rariyar da ke gindin katanga, sai ga ruwa yana silalowa daga gidanta. Tun daga ranar a bakin rariyar take alwala, ita da 'ya'yanta.

Kwana goma ba abin da ya canza. Bakin yankan ya tsattsage, tururuwa suna hawa suna sauka. Kullum kafin in tafi lekol nakan durƙusa in duba, in dawo in sake dubawa kafin in cire jaka. Muna shirin jarrabawa a lokacin, amma a bayan littafin lissafina kututture bakwai na zana, ba abin da na rubuta a gabansu. Sau biyu hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta ɗebi kwanuka da tsummokaran shanya, aka yi tsawa, mata suka fito da bokitai da tukwane. Sai ya yayyafa ɗigo manya-manya da za ka iya ƙirgawa a ƙasa, ya watse. Zafin da yake biyo baya ya fi na da, mutum ya ji kamar an rufa masa bargo.

Ana saura kwana huɗu Sallah na kau da ɓawon gyaɗa daga gindi na biyu, ta gefen katanga, na ga wasu 'yan ƙuraje ja-ja kamar ƙwayar gero, can ƙasa dab da ƙasa. Na taɓa da yatsa, ba su goge ba. Ban gaya wa kowa ba, Baba ganye ya ce. Abin da na ji tsoro kaji ne, don haka na tattaro tsofaffin kwanduna da fasasshiyar ƙwarya na kife a kan kowane kututture, na danne da dutse. Baba ya gani ya ce, "Yau kuma huluna aka saya musu na Sallah?"

Sallar shekarar da lallen kasuwa aka yi ta, na leda. Muka ƙunsa tun da hantsi har la'asar, da aka wanke sai ya fito fari-fari kamar an shafa ruwan goro. Dada Asta ta ɗaga tafin hannunta ta saman katanga ta ce, "Ku gani fa. Kamar mai ciwon shawara."

Kwana biyu bayan Sallah, da la'asar, ruwan gaske ya sauka. Ya fara da ƙamshin ƙasa, sannan ya kece a kan kwanon rufi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Umma ta jera duk abin da yake da baki a ƙarƙashin indararo. Ƙannena suka tuɓe suka shiga. Ni na tsaya a bayan ɗakin Kaka ina kallon gurbin da na yi wa kowane gindi yana cika yana tumbatsa, ruwa yana bin wuyana har cikin riga, ina rawar sanyi a karon farko cikin wata uku.

An koma makaranta. Ranar Talata na dawo da rana na tarar da mota a ƙofar gida, raguna goma a ɗaure a jikin dalbejiyar waje, ga turaku da naɗin ragar ƙarfe a zaure. Ban san yau za su iso ba. Na ratsa tsakar gida da gudu, jaka tana dukan bayana. Maza biyu da ban sani ba suna bayan ɗakin Kaka da diga, Baba yana tsaye yana nuna musu. Sun fara daga can ƙarshe. Gindi na bakwai yana kwance a gefe da saiwarsa a sama, na shida kuma an ɗaga masa diga.

"Baba, ku tsaya!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Mai digar ya tsaya da ita a sama. Umma ta leƙo daga kicin.

"Ma'u, na buɗe biyun nan, ba komai," in ji Baba. "Alkawari muka yi."

"Waɗannan biyun sun mutu. Ba ka buɗe sauran ba."

Na yar da jaka na durƙusa a cikin laka da rigar makaranta. Na ɗage kwando na biyar. Toho uku ne, tsawon ɗan yatsa, ganyen ƙanana masu sheƙi, bakinsu ja. Na ɗage na huɗu, shida. Na uku, ban iya ƙirgawa ba. Na biyu kuwa har ya tura kai ta ramukan kwandon, sai da na zare shi a hankali. Na farko, wanda yake dab da dutsen alwala, ya fi kowanne, ya kewaye kututturen kamar an dasa masa gashi. Duk daga ƙasa suka fito, ƙasa da inda na yi saran da ya hana ni sukuni wata guda.

Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Kai! Alhaji, wannan ai da ransa."

Baba ya tsuguna. Ya kama ganye ɗaya tsakanin yatsunsa masu kaushi, ya murza kaɗan ya sunsuna. Ruwan sama ya kwashe ɓawon gyaɗar da na rufe hanyar ruwa da shi, ga ta nan a fili. Na ga idonsa ya bi ta daga gindi zuwa gindi har ya tsaya a ƙarƙashin dutsensa.

"Wato duk watan nan ni nake ba shi ruwa?"

"Lada biyu ke nan, Malam," in ji Umma daga ƙofar kicin.

Mutanen suka fashe da dariya, Dada Asta ma tana yi ta bayan katanga. Baba ya girgiza kai ya miƙe, yana kakkaɓe gwiwa. Ya dubi tsakar gida ta ko'ina. Wuri ɗaya ne ya rage da zai ɗauki raguna goma: rumfar zanarsa, inda yake kwanciya ya huta idan ya dawo daga kasuwa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ku sauke rumfar nan," ya ce.

Suna cikin kwance zana, aka fara shigo da ragunan. Wani babba mai baƙin wuya ya fizge igiyarsa. Tun daga Ngong bai ga ɗanyen ganye ba, kai tsaye ya nufi bayan ɗakin Kaka. Kafin in motsa, Baba, wanda ban taɓa ganin yana gudu ba, ya tsallake bokiti, takalminsa ɗaya ya fita, yana ihu, "Lallen Inna! Lallen Inna!" Ya cafke ragon ta ƙaho bakinsa saura kaɗan ya kai gindi na farko, suka zube tare a cikin laka. Ya tashi da shi a rungume, farar rigarsa ta koma ja, hularsa tana can gefe.

Ya juyo yana haki ya ganni a tsaye.

"Me kike kallo kuma? Ku mayar da su waje! Ma'u, jawo ragar nan, lallen za mu fara kewayewa."

Haka raguna goma suka wuni a ɗaure a jikin dalbejiya suna kuka, Baba da mutanensa suna kafa turaku a kewayen gindi biyar, ni ina nuna musu inda za su haƙa don kada su taɓa saiwa.